Inda suna yake yi wa yaro nauyi

Jirgin ƙasan da ya ɗauke ni daga tashar Gambir ta Jakarta ya tashi da hantsi, kuma kafin mu kai Cirebon na riga na lura cewa dattijon da ke zaune kusa da ni sunansa kalma ɗaya ne tak. Tikitinsa na kan ɗan teburin da ke gabanmu, wurin suna kuwa babu na uba, babu na kaka, babu na gari. Da ya ga ina satar kallo sai ya yi mini sallama da Larabci mai kyau, ashe ya yi shekaru yana tuƙin mota a Jidda. Ya ce da zai tafi can sai da aka ƙara masa sunan mahaifinsa da na kakansa a fasfo, amma a ƙauyensu ba wanda ya san shi da su. Na tambaye shi ma'anar sunan nasa, ya ce ranar kasuwar da aka haife shi ce kawai. Ya faɗi hakan yana ɗan sunkuyar da kai, kamar mai ba da haƙuri.

Wannan sunkuyar da kai ta tsaya mini a rai har muka wuce Purwokerto, gonakin shinkafa na gudu ta taga kore shar. Me zai sa mutum mai furfura ya ji nauyin sunan da uwarsa ta sa masa?

Abin da ya kai ni ƙasar Jawa zumunci ne. Ƙanena yana karatun digiri na biyu a Yogyakarta, garin da mutanensa ke kira Jogja, kuma shekara biyu ba mu haɗu ba. Ni malamin harshe ne a gida, kunnena kuma ba ya hutu. Kafin wannan tafiya abin da na sani game da Jawa bai wuce biyu ba: alhazansu masu natsuwa da muke gani a Makka, da atamfar nan da ake kira java a Kantin Kwari, wadda zanenta ya samo asali daga batik ɗinsu ta hannun Turawan Holan. Ban san cewa Jawawa su ne ƙabila mafi yawa a Indonesiya ba, wajen kashi 40 cikin 100 na mutanen ƙasar, ko cewa harshen ƙasa da ake ji a rediyo ba shi ne nasu na gida ba.

Ƙanena yana haya a gidan wani malamin firamare mai ritaya, wanda unguwa duka ke kira Pak Guru, wato Baba Malam. A ƙofar gidan na fara koyon darasi. Ba a kiran mutum da gundarin sunansa haka nan. Namiji sa'anka ko wanda ya ɗan girme ka Mas ne, mace Mbak, magidanci Pak, matar aure Bu, tsoho ko tsohuwa Mbah. Wan uba ko wan uwa Pakdhe, ƙanensu Paklik. Yaro ƙarami kuwa Le ake ce masa, yarinya Nduk, kuma waɗannan biyun daga bakin babba kawai suke fitowa, da ƙauna a cikinsu. Ni na zama Pak tun daren farko, ƙanena kuwa Mas.

Washegari aka kawo mini gudeg, dafaffen ɗanyen nangka, wani ƙaton ɗan itace, da madarar kwakwa da sukarin giginyarsu, zaƙinsa har ya so ya yi mini yawa. Bayan mun gama, matar gidan ta tambaye ni ko na ƙoshi. Na yi niyyar girmama ta da kalmar da na ji tana faɗa wa mijinta, sai na ce na riga na dhahar. Ta yi murmushi ta ce inggih, wato to. Sai da muka shiga ɗaki ƙanena ya ce, “Yaya, kalmar nan ba a faɗa wa kai.” Ya yi mini bayani. Cin abinci yana da kalma uku. Mangan ta harshen yau da kullum ce, wanda ake kira ngoko, na abokai da na babba idan yana magana da yaro. Nedha ta harshen ladabi ce, krama. Dhahar kuwa ta ɗaukaka ce, ana ajiye ta don cin wanda kake girmamawa. Wanda ya ce shi ya dhahar ya ɗora kansa a kan karagar da ba tasa ba. Haka barci yake: turu, tilem, sare. Haka gida: omah, griya, dalem. Kai ma da ake magana da kai, kowe ne ko sampeyan ko panjenengan, gwargwadon matsayinka. Shi kansa suna kalmarsa uku: jeneng, nami, asma. Ba za ka iya tambayar mutum sunansa ba sai ka riga ka yanke hukunci a kan inda yake tsaye da inda kake tsaye.

Abin da ya fi damuna shi ne matar ba ta gyara mini ba, kuma ƙanena ya ce ba za ta taɓa gyarawa ba, don kada ta kunyata baƙo. Akwai kalmar da suke da ita, sungkan, jin nauyin mutum har ka kasa faɗa masa abin da zai sosa masa rai. Yaron da bai iya wannan ba tukuna, bai san inda ake sa kowace kalma ba, sai su ce durung Jawa, bai zama Bajawe ba tukuna. Wata mai binciken al'adu Ba'amurkiya, Hildred Geertz, wadda ta zauna a garin Pare a shekarun 1950, ta rubuta cewa yaro yana fara koyon wedi, tsoro, sannan isin, kunya, sai daga baya ya kai ga sungkan. Da na ji jerin, ban buƙaci dogon bayani ba. Wanda ya tashi a gidan da uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari ya san wannan makaranta.

Kwana na uku Pak Guru ya ce gobe Legi ce, mu je kasuwar Kotagede. A nan na gane maganar dattijon cikin jirgi. Jawawa suna da mako biyu masu tafiya tare. Akwai na kwana bakwai, da sunayensa da suka zo daga Larabci kamar namu, irin su Senen, Selasa, Rebo, Kemis, Jemuwah, Setu. Akwai kuma na kasuwa mai kwana biyar: Legi, Pahing, Pon, Wage, Kliwon. Kowace kasuwar ƙauye tana da ranarta a cikin biyar ɗin. Ta Kotagede ranar Legi take cika har ta tumbatsa kan titi, masu tsuntsaye a keji, masu kaji, masu wuƙaƙe da fartanya, masu maganin gargajiya. Haɗuwar ranar mako da ranar kasuwa ita ce weton ɗin mutum, kuma ba ta dawowa sai bayan kwana 35. Kalandar da ke riƙe da wannan lissafi Sarkin tsohuwar daular Mataram, Sultan Agung, ne ya tsara ta a 1633, ya ɗora ta a kan watannin Musulunci.

Daga waɗannan ranaku talakan ƙauye yake ciro sunan ɗansa. Wanda aka haifa ran Pon ya zama Poniman, mace Poniyem ko Ponirah. Ɗan Wage Wagiman ne ko Wagino, 'yar Wage Wagiyem. Ɗan Legi Legimin, ɗan Pahing Paimin. Na ce wa Pak Guru ai mu ma haka muke, na lissafa masa Ɗanladi da Ladi, Ɗanjuma da Jummai, Talatu, Balarabe, Asabe. Ya ji daɗi ƙwarai, ya sa na maimaita. Sannan ya tambaye ni ko mai suna Ɗanladi yana iya zama gwamna. Na ce ba abin da zai hana. Ya yi shiru, ya ce a nan da, kana jin Wagiyem ka san 'yar manomi ce, kana jin Paimin ka san ba jinin fada ba ne. Ƙarshen suna kawai, em ko in, yana faɗa wa mai ɗaukar aiki ko surukin gobe daga inda ka fito. Masu ilimi da ma'aikatan gwamnati sukan ɗauko nasu daga tsohon harshen Sanskirit, musamman masu farawa da Su, mai nufin kyau: Sukarno, Suharto, Susilo. Wasu kuma lissafin haihuwa suke yi da kalmomin ƙirga na adabi, Eko ga na fari, Dwi na biyu, Tri na uku, auta kuwa Ragil.

A kan hanyarmu ta dawowa, cikin keken nan mai ƙafa uku da suke kira becak, ya gaya mini kalmar da ta zama mabuɗin tafiyata duka: kabotan jeneng. Suna ya yi wa yaro nauyi. A ganinsu suna addu'a ne, asma kinarya japa, amma addu'ar da ta fi ƙarfin wuyan yaro tana iya danne shi. Idan jariri ya cika laulayi, yau zazzaɓi gobe gudawa, sai tsofaffi su ce a sauke masa, a sa mai sauƙi. Shi ya sa ƙasar take cike da masu suna Slamet, wato tsira, da Urip, wato rayuwa. Kuma ba talaka kaɗai ba. Shugaban ƙasarsu na farko, wanda aka haifa a Surabaya a 1901, Kusno aka fara sa masa, ciwo ya matsa masa yana yaro, mahaifinsa ya mayar da shi Sukarno, daga sunan jarumi Karna na tatsuniyar wasan inuwa. Joko Widodo, ɗan garin Solo da ya mulki ƙasar daga 2014 zuwa 2024, Mulyono ne sunansa na farko, shi ma rashin lafiya ta sa aka canza. A ƙarshen mulkinsa, masu adawa da shi suka tono tsohon sunan, suna rubuta Mulyono a kwalayen zanga-zanga. Pak Guru bai ce yana goyon bayan kowa ba, amma ya girgiza kai ya ce kiran mutum da sunan da iyayensa suka sauke masa ya fi ashar zafi.

Fadar Jogja, Kraton, na shige ta da safe ɗaya, kuma ba zan tsaya kan gine-ginenta ba. An kafa ta bayan yarjejeniyar Giyanti ta 1755 da ta raba daular Mataram gida biyu, Solo da Jogja. Abin da ya riƙe ni shi ne bayin fada, abdi dalem, tsofaffi cikin riga mai shuɗi-shuɗi da ɗankwalin batik, ba takalmi, suna zaune a ƙasa kamar ba su da wani wurin zuwa a duniya. Duk wanda ya shiga hidimar fada sarki yana ba shi sabon suna da ya dace da aikinsa. Mbah Maridjan, mai gadin dutsen Merapi da ya ƙi barin gidansa har aman wutar dutsen ya cinye shi ranar 26 ga Oktoba 2010, sunansa na fada Surakso Hargo, mai tsaron dutse. Sarkin kansa an haife shi Herjuno Darpito a 1946, ya zama Mangkubumi da ya girma, ya zama Hamengkubuwono na 10 da ya hau gado a 1989. Ba shi da ɗa namiji. A 2015 ya canza wa babbar 'yarsa suna daga Pembayun zuwa Mangkubumi. Bai ce ita ce magajiya ba, sunan ne ya faɗa, kuma 'yan'uwansa maza sun ji sarai har suka nuna ƙin amincewa.

Kusa da fadar akwai unguwar Kauman da babban masallacinta na 1773, inda na yi azahar. A lungunan nan aka haifi Muhammad Darwis a 1868, wanda ya dawo daga Makka da sunan Ahmad Dahlan, ya kafa ƙungiyar Muhammadiyah a 1912. A garin nan kuma wani ɗan gidan sarauta, Raden Mas Suwardi Suryaningrat, wanda ya buɗe makarantun Taman Siswa a 1922, ya ajiye laƙabin sarautarsa ya koma Ki Hajar Dewantara don ya zauna daidai da talakawan da yake koyarwa. A da ko manomi idan ya yi aure yakan bar sunan yarinta, jeneng cilik, ya ɗauki na girma, jeneng tuwa. Mutum ɗaya, suna biyu ko uku, kowanne da zangon rayuwar da yake ɗauke da shi.

Da daddare muna zama a angkringan, 'yar rumfar kura mai fitila da shayin citta da ƙullin shinkafa kamar na kyanwa don ƙanƙanta. A nan na ji ɗaya fuskar harshen. Wani matashi ya zubar da shayi a cinyarsa ya ce asem! Ƙanena ya ce tsamiya ke nan. Abin da bakinsa ya nufa asu ne, kare, amma akwai dattijo a kan benci, sai ya karkatar da kalmar a tsakiyar hanya. Haka suke yi da bajingan, ɗan iska, su mayar da ita bajigur, sunan wani abin sha mai ɗumi. Wani ɗalibi ɗan Surabaya da ke tare da mu yana ta yi musu dariya. Su a gabashin tsibirin ashar gaisuwa ce tsakanin abokai, murya sama, magana a miƙe, kuma yana ganin mutanen Jogja da Solo suna ɓoye wuƙa a bayan murmushi, kamar yadda suke soke kris, wuƙarsu ta gargajiya, ta baya. Su kuma suka ce masa kasar, mai kaushi, kishiyar alus, mai laushi. An yi ta raha, amma na lura duk abin da ya yi zafi a cikin ngoko yake fita, ko kuma a harshen ƙasa. Wata ɗaliba ta ce ita da malamanta Indonesiyanci take yi, don a cikinsa ba ta tsoron kuskuren matsayi. Wannan gudun ba sabo ba ne. Tun wajen 1918 aka yi wata ƙungiya a Surabaya mai suna Djawa Dipa da ta nemi a soke krama baki ɗaya, kowa ya yi ngoko da kowa, don a ganinsu harshen ladabin nan sarƙa ce a wuyan talaka.

Ana cikin haka aka yi wa Pak Guru jika. Matar ɗansa ta haihu namiji a ƙauyensu na asali a yankin Bantul, kudu da birni, ranar Wage. Al'adarsu suna ran kwana biyar ne, sepasaran, cikar mako ɗaya na kasuwa, ko da yake da yawa yanzu suna haɗa shi da yankan kwana bakwai. Aka ce lalle mu je.

Mun isa ana gobe suna. Gidan na uwar Pak Guru ne, tsohuwa ƙarama da ta haura tamanin, wadda kowa ke kira Mbah Putri. Bayan magariba muna zaune a tabarma, uban jaririn ya karanto sunan da shi da matarsa suka zaɓa daga wayarsa: kalma uku, biyu na Larabci, ɗaya kuma ta Turawa da suka ji daɗin sautinta. Pak Guru ya saurara. Ya yi murmushi, ya ɗan rusuna, ya ce da murya mai sanyi, “Inggih, mangga kersa panjenengan.” Na fahimci inggih, na fahimci mangga, bisimilla. A raina na ce uba ya amince, har na yi shirin yi musu barka. Sai na ga fuskar ɗan ta canza. Ya ajiye wayar a hankali. Matar Pak Guru ta tashi ta shige kicin ba tare da dalili ba. Ƙanena ya dafa gwiwata alamar in yi shiru.

A waje ya fassara mini. Ma'anar maganar ita ce, to, yadda ranka ya so, ranka ya daɗe. Uba da ɗansa ngoko yake yi, kowe yake ce masa, Le yake kiransa. Wannan shi ne kusanci. Da ya ɗaga shi zuwa panjenengan, ya yi masa harshen da ake yi wa baƙo mai daraja, ya fitar da shi daga cikin gida ke nan da kalma guda. Ba a ɗaga murya ba, ba wanda ya haɗe rai, amma fushin da aka yi a ɗakin nan ya fi na wanda ya fasa kwano. Suna da karin magana a kan irin wannan inggih ɗin, inggih-inggih ora kepanggih, to-to ɗin da ba a samun komai a bayansa.

Na daɗe ban yi barci ba a daren, domin na fahimci kowannensu. Ɗan ba ya so yaronsa ya sunkuyar da kai kamar dattijon cikin jirgi. Yana so masa sunan da zai shiga fasfo da kwamfuta ba tare da tambaya ba, kuma hukuma ma ta karkata can: dokar ma'aikatar cikin gida ta 2022 ta ce sabon suna a takardun ɗan ƙasa kada ya gaza kalma biyu, kada ya wuce harafi 60. Wasu masu bincike biyu, Joel Kuipers da Askuri, sun tattara sunaye fiye da miliyan uku daga yankuna uku na Jawa, har da Bantul ɗin nan, suka ga sunayen Larabci na ta ƙaruwa, sunaye na ta tsawo, tsofaffin na Jawa zalla na ja da baya. Ni Musulmi ne, ba zan ga laifin wanda ya sa wa ɗansa sunan Annabi ko na sahabi ba. Amma na ga abin da uban yake gani. A cikin kalma ukun babu ko ɗaya da tsohuwar gidan za ta iya furtawa daidai, babu wadda ta ce yaron nan daga nan yake. Na tuna rajistar ajina a gida, na nemi Tanko da Kande da Gambo a cikinta, na samu kaɗan ne ƙwarai.

Da asuba na tarar da Mbah Putri a bakin murhu tana dama jenang abang putih, kunun shinkafa kala biyu, fari da ja, jan da sukarin kwakwa. Ba a raɗa suna sai da shi. Fari na uba ne, ja na uwa. Jikarta mai jin Turanci ta zauna tsakaninmu. Tsohuwar ta ce ita ma sunanta biyu. Na farko wani mai kyau ne da mahaifinta ya ji a gidan wani babban ma'aikaci ya kwaso. Ta yi ta ciwo har aka fid da rai, sai kakarta ta dama irin wannan kunu, aka mayar da ita sunan ranar Pon da aka haife ta. Ta ce tun daga nan ba ta sake kwanciya ba.

Sai ta nuna mini gefen gidan da bulonsa ya fi sabunta. Girgizar ƙasar safiyar 27 ga Mayu 2006, wadda ta kashe mutum fiye da 5,700, mafi yawansu a Bantul, ta rushe wannan ɓangaren a kan 'yarta. Tana faɗa tana murmushi, muciya na juyawa a hannunta. Ta ce sampun kersanipun Gusti Allah, haka Ubangiji ya so. Ni ne idona ya cika, ita ce ta miƙo mini shayi. Wanda bai sani ba zai ce zuciyarta ta bushe. Jikar ta ce mini a hankali, murmushin don ni ne, don kada ta ɗora wa baƙo kayan da ba nasa ba. Suna kiran wannan hali nrima, karɓar abin da ya zo. Na lura kuma har ta gama labarin ba ta ambaci sunan 'yar ba ko sau ɗaya, gendhuk kawai take cewa, yarinyar.

Ba na so in yi wa wannan hali kwalliyar da ta wuce gaskiya. Ɗalibar nan ta angkringan ta gaya mini cewa a gidajen da ba a faɗin ɓacin rai, akan yi shekaru 'yan'uwa ba sa magana da juna, abin da suke kira jothakan, kuma mace da ƙaramin ma'aikaci su suka fi haɗiye abin da bai kamata a haɗiye ba. Gaskiya ta faɗa. Amma abin da na gani a bakin murhun nan ƙarfi ne, kuma na san irinsa a wurin iyayenmu mata.

Yadda aka sasanta ban gani ba. Abin da na gani shi ne tsohuwar ta kira jikanta bayan gida, suka jima. Bayan isha'i maƙwabta maza suka zauna a da'ira, limamin ƙauye ya yi addu'a da Larabci, wani dattijo ya yi jawabi cikin krama mai tsawo kamar waƙa, aka ɗan taɓa abinci, kowa ya tashi da kwandonsa na gora cike da shinkafa da ganye da dafaffen ƙwai. A saman kowane kwando akwai 'yar takarda da sunan jariri. Kalmar Turawan ta fita, wata ta Jawa mai nufin tsira ta shiga gurbinta. Pak Guru ya karanta takardar, ya ninke ta ya sa a aljihu, bai ce komai ba. Har muka kwanta ban ji ya yi wa ɗansa magana ba. Sai da safe, ɗan yana ƙoƙarin tayar da babur ya ƙi tashi, uban ya leƙo ta taga ya ce, “Le, kowe wis mangan durung?” Yaro, ka ci abinci ko tukuna? Ɗan ya amsa da krama, kansa a ƙasa, yana share ido da bayan hannu.

Ita kuwa Mbah Putri ba ta damu da takardar ba. Tana rungume da jaririn tana kiransa Wage, tana yi masa magana cikin krama mai kyau, tana tambayarsa ko ya sare lafiya, kamar wani basarake. Jikar ta ce haka tsofaffi suke yi, don kalmomin ladabi su riga na kaushi shiga kunnen yaro.

Kwana ukun da na yi a gidan, da krama take yi mini magana ni ma, panjenengan, Pak, duk da ta haifi wanda ya girme ni. Ranar da za mu koma birni na durƙusa a gabanta kamar yadda na ga jikokinta na yi, na faɗi abin da ƙanena ya koya mini a hanya, nyuwun pamit, ina neman izinin tafiya, nyuwun pangapunten, a yafe mini kurakuraina. Ta riƙe hannuna da nata biyu, masu ƙanshin hayaƙi da kwakwa. Ta tambayi ranar da aka haife ni, na ce Laraba, ta ce Rebo, ta gyaɗa kai. Sannan ta shafa kaina ta ce, “Sing ngati-ati ya, Le.”

Ƙanena ya buɗe baki zai fassara, na ce masa ya bari, na ji.